Shekarar da Wuta Ta Kawo Mana Inna

Direban wata motar albasa ne ya kawo labarin. A lokacin wayar hannu ba ta shigo ba, duk abin da ya faru a Arewa sai dai ya biyo motar kaya, ya sauka a kasuwar Mile 12 tare da buhuna. Maigidana a can yake sayar da albasa, ni kuma ina amarya a Agege, ko shekara ban cika a ɗaki ba. Shekarar ce soja suka koma bariki, hotunan 'yan takara ma ba su gama ɓanɓarewa daga bangon unguwarmu ba.

Ya dawo gida tun kafin la'asar, abin da bai saba ba. Ya zauna a bakin gado, ko hula bai cire ba.

"Wutar daji ta shiga garinmu," in ji shi. "Ta ci ɓangaren gidanmu. Inna tana da rai, amma an ce ta ƙone a hannu."

Ni haifaffiyar Agege ce. Gobarar da na sani ita ce ta kasuwa da ta fashewar risho. Ban taɓa zuwa garinsu ba, abin da na sani kawai shi ne ƙauye ne a gindin wani dutse can ƙasar Bauchi. Innar ma ban taɓa ganinta ba, don lokacin bikinmu ya faɗo a tsakiyar damina, sai ta wakilto ƙanwarta. Na kasa gane yadda za a ce daji ya kama da wuta har ya biyo mutum gida.

Washegari ya bi mota ya tafi. Da ya dawo, da ita ya dawo. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, baƙa, mai tafiya da sauri kamar ta bar tukunya a kan murhu. Hannunta na hagu a naɗe yake da tsumma daga wuyan hannu zuwa gwiwa, a ɗayan kuma tana riƙe da ƙullin kayan da ya rage mata. Rumbunta biyu sun tafi, ɗakinta ya tafi, awakinta ne kawai suka tsira, su ma don ta koma ta kwance su ne, kuma a nan jinkar turken ta faɗo mata a hannu.

Na durƙusa na gaishe ta. Sai dai ni ban iya irin kunyar surukai ta can gida ba. Na ɗago kai na dube ta ido cikin ido, na ce ta kawo hannun in gani. Ta kalle ni, ta kalli ɗanta, wanda ba ta kiran sunansa don shi ne ɗan fari, ta ce, "To! Wannan kam 'yar Ikko ce." Sunan da ta riƙa kirana da shi ke nan har ƙarshen rayuwarta.

Gidan hayarmu irin na Legas ne, ɗakuna a jere, ƙofa tana kallon ƙofa, mu muna da ɗaki da falo. Na shimfiɗa mata katifa a falon, ta naɗe ta ta jingine, ta ce tabarma ta ishe ta. Kwanakin farko ba ta cika magana ba. Ƙarar motocin haya na danfo da jiniyar jirgin ƙasa ba su dame ta ba, abin da ya hana ta sakewa shi ne wuta. In na kunna risho sai ta matso ta zauna tana gadinsa har in sauke. In wani ya tara shara ya cinna mata ashana a bakin kwata, tun kafin mu ga hayaƙi ita ta ji warinsa.

Wata rana da yamma muna zaune ina tsince shinkafa, mun yi kwanaki babu lantarki. Sai yaran gidan suka ɓarke da ihu a tsakar gida, 'ya'yan Hausawa suna ta faɗin, "Wuta! Wuta! Ga wuta nan!" Kafin in ɗago kai, Inna ta cafke wuyan hannuna da lafiyayyen hannunta, ta fizge ni sai ƙofar waje. Farantin shinkafa ya kife. Ƙarfin da ke jikin tsohuwar nan har yau yana ba ni mamaki.

"Inna, lantarki ne! Lantarki aka kawo!"

Ta tsaya tana haki, ta dubi ƙwan da ya kama a saman ƙofa, ta dubi yaran da ke tsalle. Sai ta fara dariya. Muka yi ta dariya har muka zauna a dakali. Dariyar ta kawo mata hawaye, da dariyar ta ƙare hawayen bai tsaya ba. Na bar ta ta yi abinta. Sai daga baya na lura ƙullin kayanta yana nan a falo, ba ta ko waiwaye shi ba, ni ta ɗauka.

Daga ranar bakinta ya buɗe. Kullum da hantsi nake wanke mata ciwon, in shafa maganin da muka karɓo a asibiti, ita kuwa tana ƙorafin da a gida ne da zuma za a sa. A nan ne na tambaye ta wa ya sa wutar.

"Wa ya sani? Dutse ba shi da ƙofa," in ji ta. "Mai farautar gafiya zai tura wuta a rami ya kama abinsa ya tafi. Mai ɗiban zuma zai yar da bakin wutarsa a gindin itace. Makiyayi yana so ciyawa ta ƙone ta yi toho. Wani ma sigari ce kawai. Duk shekara dutsenmu yana ci, tun ina yarinya. Ba cin dutsen ne abin tsoro ba."

Ta ce wuta hawa take so, ba gangara ba. Amma in rana ta take, iska ta juya, sai ta gangaro da ita, ga guntayen itace masu ci suna mirginowa, ga tartsatsi yana tashi sama yana sauka a kan jinka. Abin da ke tsare gari shi ne sharar bayan gari. Da an gama girbi, kafin ciyawa ta bushe ƙayau, sai a yi gayya, maza su fito da lauje da fartanya su share fili mai faɗi tsakanin dutse da gidaje, a kwashe kara, a ƙone abin da ya rage da sassafe tun raɓa ba ta kaɗe ba. In wuta ta zo ta tarar babu abin ci, sai ta kwanta.

"To bana me ya hana?"

Ta dubi hannunta. "Wa zai yi? Da, ba mai fita ci-rani sai an yi shara. Yanzu mota har gindin dutse take zuwa ɗaukar kaya. Ana sauke damin ƙarshe, samari sun ɗare sama. Suka bar mana tsofaffi, su ma sun taɓa gefe ɗaya, bayansu ya gaza."

Samarin da take faɗa kuwa duk suna nan tare da mu a Legas. Wasu suna dako a Mile 12, wasu suna tura ruwa a Ogba, wasu suna wankin takalmi a Oshodi, akwai masu kiwon raguna a Alaba Rago. A cikinsu har da autanta, ƙanin maigidana, wanda yake haya da babur, abin da muke ce wa okada. Da suka ji tana gari sai suka fara zuwa gaishe ta ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci, kowa kansa a ƙasa. Na ɗauka faɗa za ta yi musu. Sai ta aike ni kasuwa na auno dawa, ta sa aka niƙo, ta tuƙa musu tuwo da hannu ɗaya, ni ina riƙe mata tukunya. Miyar kuka ce, da daddawar da ta fito daga cikin ƙullin nan nata. Yaran da suka yi watanni suna cin burodi da wake suka zauna a barandarmu suna ci, ba ka jin komai sai ƙarar cokalin miya a kwano.

Haka aka yi ta yi duk Juma'a. Tana tambayar kowa uwarsa da aikinsa, tana yi wa mai tari faɗan ya daina kwana a ƙasa, amma maganar wuta ko sau ɗaya ba ta tayar ba. Na ce mata, "Inna, ba za ki yi musu magana ba?" Ta ce, "Ba a yi wa mai jin yunwa wa'azi. Bari su murmure."

A wannan tsakanin ne ta yi ƙawa. Mai gidan hayarmu wata dattijuwar Bayarabiya ce da muke kira Iya, tana suyar ƙosai da itace a ƙofar gida kowace safiya. Inna ta ga takardu da ledoji suna yawo kusa da murhun, ta ɗauki tsintsiya ta share wurin fes, ta janye itacen gefe, ta ajiye bokitin ruwa. Washegari ta sake. Iya ba ta jin Hausa sai ta ciniki, Inna kuwa ko gaisuwar Yarbanci ba ta iya ba, amma sai ka gan su zaune a benci ɗaya, wannan tana zuba nata yaren, wannan tana amsawa da nata, suna gyaɗa kai. In abin ya cije sai su ƙwala mini kira in zo in yi tafinta, don ni da Yarbanci na tashi.

Ranar da Inna ta yi maganar, hannunta ya warke, an kwance tsumman. Bayan an ci tuwo ta fito ta zauna a bakin ƙofa, ta ɗora hannun a kan gwiwa inda kowa zai ga tabon.

"Ni zan koma kafin ruwa ya sauka," in ji ta. "Ba zan ce kowa ya biya ni dawata ba, Allah ne ya ba ni, shi ya karɓa. Abu ɗaya nake roƙo. Baɗi in an yi girbi, kada wanda ya hau mota sai an yi sharar bayan gari."

Autanta ne ya yi ƙarfin halin amsawa.

"Inna, ba ƙi muke yi ba. Amma Legas ba ta jiran mutum. In na makara, oga zai ba wani babur ɗin. Masu dako in suka makara, an cika wurin. Da me za mu sayi taki in mun dawo?"

Gaskiya ya faɗa, kuma kowa ya san gaskiya ce. Inna ta ce to, Allah ya kawo mafita, ta tashi ta shige ciki. Ban taɓa ganin ta yi sanyi irin na ranar ba.

Iya tana daga ƙofar ɗakinta tana kallon komai. Da samarin suka watse ta kira ni ta ce me aka ce wa ƙawarta. Na fassara mata tun daga farko, har da dutsen da sharar. Tana ji ta dafe ƙirji. Ashe gonar kokon mahaifinta ma wutar mafarauta ce ta cinye ta tun tana budurwa, itatuwan da ya yi shekaru yana raino suka tafi a yini guda, abin da ya kawo su Legas ke nan. Kuma babur ɗin da auta yake haya da shi na babban ɗanta ne, shi ne ogan da ake magana.

Da ɗan nata ya zo kawo mata cefane, ta tsare shi a gabana. Ya fara kawo uzuri, wai babur ba ya zama a ajiye. Ta ce ya ba wani riƙo, in yaron ya dawo a mayar masa. Ya ce ai ba haka ake sana'a ba. Ta kira shi da cikakken sunansa, ta tambaye shi ko ya san dalilin da ya sa aka haife shi a gidan haya ba a gonar kakansa ba. Ƙato da shi, sai ga shi ya kwanta a ƙasa irin gaisuwarsu, ya ce ya ji.

Na ruga na gaya wa Inna. Ta fito ta kama hannun Iya biyu ta riƙe, ta yi ta sa mata albarka da Hausa, Iya tana amin da Yarbanci. A wannan karon ba su nemi tafinta ba.

Da maigidana ya ji abin da tsohuwar Bayarabiya ta yi, ya ce kunya ma ba za ta bar su su zauna ba. Ya tara 'yan garinsu masu rumfa a kasuwa, suka yarda duk ɗan dakon da ya tsaya shara, wurinsa yana nan har ya zo. Ba kowa wannan ya rufa wa asiri ba. Masu tura ruwa da masu wankin takalmi ba su da ogan da za a roƙa, sai dai abin da zuciyarsu ta ba su.

Inna ta koma kafin damina, an riga an tayar mata da ɗaki. Ni kuma, da ma ina da juna biyu, na haihu a cikin daminar, namiji. Da kaka ta yi, maigidana ya ce in shirya mu kai mata jikanta. Tafiyata ta farko ke nan zuwa Arewa da wayona.

Dutsen ya fi yadda na zata girma, kuma garin a manne yake da shi, kamar ɗa a bayan uwa. Ciyawa ta rufe shi tun daga ƙasa har sama, ta yi ja, ta fi tsayin mutum. Da na gan ta sai na gane abin da Inna take ji in na kunna risho. Ɓangaren gidansu duk jinka sabuwa ce, amma ga kututturan itatuwa baƙi ƙirin a tsaye.

Inna ta karɓi yaron ta juya shi, ta ce wannan mijin nata bai iya zaɓen hanci ba, na uwarsa ya ɗauko. Daga nan ban ƙara goya shi ba sai in zai sha nono.

Mun tarar ana shirin gayya. Ba duka samarin suka tsaya ba, wasu sun sulale tun kafin mu iso, amma waɗanda suka tsaya sun fi yawa. Da sassafe makaɗi ya fito, suka jeru da lauje da fartanya tun daga bakin rafi. Na ga auta, wanda na saba gani da tabarau a kan babur, ya tuɓe riga yana sara yana waƙa. Mu mata muka dama kunu, muka kai musu a ƙorai. Suna sharewa, dattawa suna bin baya suna nuna inda za a ƙara faɗi. Da aka gama, aka yi ta ƙone tarin ciyawar kaɗan-kaɗan da safe, mutane tsaye a kewaye da ɗanyen reshen darbejiya a hannu.

Muna shirin komawa wutar ta zo. Da azahar ne, ina wanke kwanuka, sai na ji ganga da wani irin kiɗa mai sauri wanda ban taɓa ji ba. Na ɗaga kai, hayaƙi ya tokare sama daga bayan dutsen. Kafin a jima sai ga ta ta ɓullo ta kan tudu, iska tana korar ta zuwa ƙasa. Ƙararta ce ta fi ba ni tsoro, kamar ana ta karya kara a cikin kunnena. Shirwa da shaho suna ta shawagi a kanta suna cafkar fara. Na saki kwanon da ke hannuna.

Inna ta miƙa yaron ga wata tsohuwa makauniya da ke maƙwabtaka, ta ce ta shiga da shi tsakiyar gari. Ta karyo reshe biyu, ta danƙa mini ɗaya.

"Ki tsaya kusa da ni. Kada ki dube ta, ki dubi ƙasa. Duk inda kika ga tartsatsi ya sauka, ki doke shi."

Maza suka jeru a bakin filin da aka share, mu mata muna bayansu kusa da danga, wasu sun hau kan jinka da tulun ruwa. Wutar ta gangaro har bakin shara, zafinta ya dake mu a fuska, hayaƙi ya cika mana ido. Sai ta fara raguwa, tana lasar ƙasa tana neman abin kamawa. A wajen rafi ne kawai ta tsallako, inda wani ya jibge karan dawarsa bayan an gama shara. Aka yi can da gudu. Ban san lokacin da na bi su ba. Na dai tsinci kaina a cikin mata ina dukan ƙasa da reshe, ina ihu, ashe da Yarbanci nake ihun ban sani ba. Karan ya ƙone ƙurmus, dangar gida ɗaya ta tafi, amma ko rumbu ɗaya ba a rasa ba.

Da la'asar muka zube a gindin wata tsamiya, kowa baƙi ƙirin, ido jawur. Gefen zanena ya ci, tafin hannuna ya yi bororo. Mai karan da ya jawo abin, wani dattijo ne, ya zo yana ba da haƙuri, mata suka yi masa ca har sai da mai unguwa ya raba. Auta ya zo ya tsuguna a gabana yana dariya.

"Matar yaya, me kike ce wa wutar ne? Ko ita ma Bayarabiya ce?"

"Ai ta ji, tunda ta koma," na ce masa.

Inna ta kore shi. Ta sa aka kawo ruwa a ƙwarya, ta kama hannuna ta tsoma, ta riƙe shi a ciki. Matan gari suka kewaye mu suna kallon baƙuwar da ta yi kashin wuta ba a sa ta ba. Wata ta ce ashe 'yan birni ma suna da ƙashi. Inna ba ta ɗago kai ba, ta ce, "Ku ba ta iska. Kuma gobe kada wadda ta kawo mata daka, baƙuwa ce."

Samarin sun hau mota bayan kwana kaɗan, maigidana ya bi su saboda kasuwa. Ni na ce sai hannuna ya warke. Ya warke, na ce sai an gama sussukar dawar Inna. Aka gama, na zauna har aka zuba ta a sabon rumbu aka liƙe bakinsa da laka. Sai da maigidana ya aiko direba har sau biyu yana tambaya ko an yi masa ƙwacen mata ne, sannan Inna ta ɗaure mini kaya, ta goya jikanta, ta raka mu bakin hanya a ƙafa.